Yadda ake shigar da zanen bekta mai leyoyi cikin manhajar AR ba tare da ya manne ba

Tambaya: Wani mai sana'ar zane ya rubuto cewa ya haɗa fosta a Adobe Illustrator, ya raba ta leya-leya: sararin sama daban, ganuwa da ƙofar gari daban, mahayi a kan doki daban, dagin Arewa daban, sannan rubutun Hausa a saman komai. Burinsa shi ne idan mutum ya ɗora kyamarar wayarsa a kan fostar, sassan nan su taso, kowanne a nasa nisan. Amma da ya shigar da fayil ɗin cikin manhajar AR, wato manhajar da ke ɗora zanen kwamfuta a kan abin da kyamara ke gani, sai komai ya zo a manne kamar hoto guda, wani lokacin ma da farin fili a bayansa, gefunan kuma sun yi dishi-dishi. Yana so ya san inda gyaran yake.

Amsa: Malam, tushen matsalar shi ne manhajar da ka yi zanen a cikinta da wadda kake son kai shi ba abu ɗaya suke nufi da zane ba, kuma muddin ba ka fahimci wannan bambancin ba, za ka yi ta sauya fayil kana samun sakamako iri ɗaya. A Illustrator, ko CorelDRAW da masu ɗab'i da yawa suka fi sabawa da ita, ko Inkscape, zane lissafi ne. Fayil ɗin yana riƙe da ɗigogi da irin lanƙwasar da ke tsakaninsu, lanƙwasar da ake kira da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa wanda ya yi aiki da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Duk lokacin da ka matso da zanen kusa, manhajar tana sake lissafa layin ne daga farko, shi ya sa irin wannan zanen, da ake kira bekta, ba ya dushewa komai girman da ka ba shi. Wayar da ke gudanar da AR kuwa ba ta da wannan sukunin, domin tana bin motsin hannun mai riƙe da ita tana sake zana fagen sau 30 zuwa 60 a kowace daƙiƙa, kuma sashen da ke wannan aikin a cikinta, wanda ake kira GPU, abu biyu ya fi ƙwarewa a kai: alwatika, da hoton fiksel, wato hoton da aka haɗa da ƙananan ɗigogin launi, da ake shimfiɗawa a kan alwatikan. Saboda haka, ko da manhajar ta karɓi fayil ɗin bekta, irin SVG ko na Illustrator, kai tsaye, a bakin ƙofa take mayar da shi ɗayan biyun nan, ko ya zama hoton fiksel a kan fili mai kusurwa huɗu, ko ya zama jiki da aka saƙa da alwatika. Idan ka bar mata zaɓin, za ta ɗauki mafi sauƙi, wato ta haɗe komai ya zama hoto guda a girman da ta ga dama. Abin da ya same ka ke nan.

Haka nan leya a manhajar zane ba ta ɗauke da nisa. Abin da take faɗa kawai shi ne wane ne ke rufe wane, cewa doki yana gaban ganuwa, ganuwa tana gaban sararin sama. Ba ta faɗin ko tazarar da ke tsakaninsu santimita 2 ce ko mita 2. Manhajar AR kuma da ma'aunin duniya take aiki, har ma tsarin fayil na glTF da ake ajiye abubuwa masu jiki a cikinsa, wanda ƙungiyar Khronos ta fitar da siga ta biyu tasa a 2017, ya ƙayyade cewa ma'auninsa mita ne. Ke nan aikinka biyu ne: ka yanke wa kowace leya hukuncin abin da za ta zama, hoto ko jiki, sannan ka ba ta nisanta da hannunka.

Kafin fitar da komai, ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali a gefe, domin gyare-gyaren da za su biyo baya ba su da komawa. Abu na farko da za ka duba a kwafin shi ne tsarin launi. Fostar da aka shirya don ɗab'i yawanci a CMYK take, allon waya kuwa da RGB yake aiki, kuma wannan yana cikin dalilan da ke manne wa mutane leyoyi ba tare da sun lura ba. A Illustrator, idan takardar tana CMYK ka zo fitar da ita a matsayin fayil ɗin Photoshop ka zaɓi RGB a akwatin fitarwa, zaɓin Write Layers ba zai yi aiki ba, sai dai ta ba ka hoto guda. Hanyar da ta dace ita ce ka sauya takardar kanta tun farko ta File, Document Color Mode, RGB Color, ka duba launukan da idonka ka gyara wanda ya kauce, sannan ka fitar.

Bayan launi sai tsarin leyoyin kansa. Masu zane da yawa suna cewa sun raba aikinsu leya-leya, amma idan aka buɗe akwatin Layers sai a tarar da babbar leya guda ɗaya ce, duk sauran rukunoni ne a ƙarƙashinta. Ga manhajar da za ta karɓa, wannan leya ɗaya ce. Duk abin da kake so ya tsaya shi kaɗai a sarari dole ya samu babbar leya tasa, da suna bayyananne. Umarnin Release to Layers da ke menu na akwatin Layers yana mayar da rukunonin ƙananan leyoyi, daga nan sai ka jawo su waje su zama manya. Ina ba ka shawara ka sa lamba a gaban kowane suna, daga na baya zuwa na gaba, kamar 01 sama, 02 ganuwa, 03 ƙofa, domin manhajoji da dama suna jera fayiloli ne bisa harafi, ba bisa yadda ka tsara su ba. Kuma ka rage yawansu. Fosta mai leya 30 ta yi daidai a wajen zane, amma a AR leya 5 zuwa 8 sun isa su ba ido zurfin da yake nema, ƙari a kan haka nauyi ne kawai ga waya.

Rubutu yana buƙatar kulawa ta musamman tunda na Hausa ne. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai a ari harafin daga wani salo dabam, ko ya fito a matsayin akwati fanko. Ka matso sosai ka duba kowane harafi mai ƙugiya ka tabbatar ya yi kama da 'yan uwansa a kauri da tsayi, sannan ka yi Create Outlines domin rubutun ya zama zane, ya daina dogara da salon da ke kan kwamfutarka. Ka yi dubawar kafin mayarwar, don bayanta ba za ka iya gyara harafi da madannai ba. Haka ma layukan gefe, a bi su da Outline Stroke, adon da aka yi da burushi ko wani tasiri kuma a bi shi da Expand Appearance.

Akwai nau'in ado guda da nake so ka cire gaba ɗaya, shi ne duk wanda kyansa ya dogara da leyar da ke ƙarƙashinsa. Inuwar da aka yi da Multiply, ko hasken da aka yi da Screen ko Overlay, lissafi ne tsakanin launin sama da na ƙasa, kuma da zarar ka raba leyoyin biyu babu sauran abin da za a yi lissafin da shi. Tsarin glTF bai san waɗannan gauraye-gaurayen ba, abin da ya sani uku ne: abu ya toshe gaba ɗaya, ko a yanke gefensa tsaf, ko a ga bayansa gwargwadon ƙarfin launinsa. Illustrator ma idan ta ci karo da abin da tsarin Photoshop ba zai iya ɗauka ba, tana haɗe leyoyin da abin ya shafa domin ta kare kamannin zanen, ta ba ka gargaɗi cewa an manne wasu sassa. Idan kana son inuwa, ka yi ta da baƙin launi na yau da kullum ka rage masa Opacity, ka bar ta a leyar abin da take faɗa wa. Farin filin da ka gani a baya kuwa, ko dai akwai farin akwati a leyar ƙasa da ka manta da shi, ko ka fitar a JPEG, wanda ba ya iya barin wuri babu launi. PNG ne ke iya wannan.

Daga nan hanyar hoto ta rabu biyu. Ta farko ita ce ta fayil ɗin PSD, wato na Photoshop: File, Export, Export As, ka zaɓi Photoshop, ka kunna Write Layers. Wannan ce hanyar da mafi yawan darussan Adobe Aero suka koyar, domin Aero, manhajar AR da Adobe ta fitar a watan Nuwamba 2019 don iPhone da iPad, kafin a dakatar da ita takan karanta leyoyin PSD ta ba mutum damar buɗe tazara tsakaninsu da jan ma'auni guda. Ko da manhajarka ba ta karanta PSD, fayil ɗin yana da amfani, don idan ka buɗe shi a Photoshop ka ga leyoyin a rarrabe, ka san laifin ba daga wajenka yake ba, sannan umarnin Layers to Files zai fitar maka da kowacce a matsayin PNG. Hanya ta biyu ita ce ka fitar da PNG ɗin kai tsaye daga manhajar zanen, leya ɗaya bayan ɗaya, kuma ita na fi amincewa da ita domin kusan babu manhajar AR da ba ta karɓar PNG, ko Lens Studio ta Snapchat ce, ko Effect House ta TikTok, ko Unity. Inkscape tun siga ta 1.2 da ta fito a 2022 tana iya fitar da leyoyi duka a lokaci guda, kowacce a fayil ɗinta.

A nan akwai tarkon da ke cin lokacin mutane. Idan ka yi amfani da Asset Export na Illustrator, kowane yanki zai fito an datse shi daidai iyakar jikinsa, doki a nasa girman, dagi a nasa, kuma da ka shigar da su duk za su taru a tsakiya, sai ka koma jera su da ido. Idan kuwa ka ɓoye sauran leyoyin ka fitar da kowacce da cikakken girman allon zanen, ta hanyar kunna Use Artboards, duk hotunan za su zo da faɗi da tsawo ɗaya, su hau kan juna daidai ba tare da ka taɓa komai ba, abin da ya rage kawai ka tura kowanne gaba ko baya. Sai dai wannan sauƙin yana da farashi, domin ƙaramin dagi da ke kusurwar fosta zai ɗauki hoto mai girman fostar baki ɗaya, mafi yawansa fanko, kuma waya tana ɗaukar nauyin wurin fanko kamar yadda take ɗaukar na mai launi. Ra'ayina shi ne ka fara da cikakken girma har tsarin ya zauna maka, sannan ka koma ka datse ƙananan yankuna ka mayar da su gurbinsu kana kwatantawa da na farkon.

Batun girma ya cancanci a tsaya a yi masa lissafi, saboda mai ɗab'i ya saba da cewa fiksel 300 a kowane inci shi ne inganci, kuma wannan sabon yana kashe aikin AR. Takardar A4 a wannan ma'aunin tana da fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. Kowane fiksel yana cin bayit 4, uku na launi, ɗaya na ganin baya, ke nan leya guda ta kusa megabayit 35 a ma'adanar aiki ta waya idan ba a matse ta ba, leya 8 kuma sun doshi 280. Kada ƙanƙantar fayil ɗin PNG ta ruɗe ka. Zane mai launi bai ɗaya yana iya zama ƙasa da megabayit 1 a ajiye, amma kafin waya ta zana shi sai ta warware shi ya koma cikakken girmansa. Hoto mai 2048 sau 2048 yana cin kimanin megabayit 16, mai 1024 sau 1024 kuma 4 kacal, sannan a ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku saboda ƙananan kwafin da ake yi masa don kallo daga nesa. Saboda haka ka ba leyar da ido zai fi tsayawa a kai, kamar rubutu da mahayi, 2048 a ɓangarenta mafi tsawo, sararin sama da ganuwa kuma 1024 ya ishe su, har ƙasa da haka ma. Lambobin nan da ke ninka biyu-biyu, 512, 1024, 2048, su ne suka fi dacewa da hanyoyin matse hoto na waya. Dishi-dishin da ka gani a gefuna mai yiwuwa ya samo asali ne daga kishiyar wannan, wato an fitar a fiksel 72 a inci daga ƙaramin allo, sai manhajar ta miƙe hoton. Mafita ita ce ka ƙayyade adadin fiksel ɗin da kake so da kanka, kada ka bar shi ga ma'aunin inci.

Akwai kuma wani siririn farin zobe da kan bayyana kewaye da abin da aka yanke, musamman abu mai duhu irin baƙin doki. Dalilinsa shi ne fiksel ɗin da ba a gani a gefen zanen suna ɗauke da launi a ɓoye, sau da yawa fari, kuma idan waya ta rage girman hoton tana gauraya su da na kusa da su. Maganinsa a faɗaɗa launin gefen zanen ya shiga wurin fanko da 'yan fiksel kaɗan, wasu manhajojin suna da maɓallin da ke yin haka da kansu lokacin shigarwa, kamar Alpha Is Transparency a Unity. Ka kuma bar fanko kaɗan kewaye da kowane hoto kada zanen ya taɓa baki. Layuka sirara sosai, irin na adon linzami ko zanen bulo, suna rawa a allon waya idan an ja baya, gara ka ƙara musu kauri fiye da yadda za ka yi a takarda.

Idan leyoyin sun shiga, sai aikin da babu manhajar da za ta yi maka. Ka ɗauke su kamar kwalayen da aka yanka aka kafa a tsaye ɗaya bayan ɗaya: duk wanda ya leƙa ta gefe zai ga abin da ke bayan kowanne. A fostarka, wataƙila ba ka zana ganuwar da ke bayan doki ba tunda dokin ya rufe wurin, ko kuma ka yanke ta daidai jikinsa. Da mai kallo ya matsa dama kaɗan zai ga rami mai siffar doki a jikin ganuwa. Dole kowace leya ta zama cikakkiya, har da ɓangarenta da ba a gani a takarda, kuma leyoyin baya su fi na gaba faɗi domin kada gefensu ya ƙare a idon mai kallo. Na biyu, abin da aka tura baya yana ƙanƙancewa. Lissafin mai sauƙi ne: idan kana tsammanin mai kallo zai tsaya mita 1 daga fostar, ka tura ganuwa baya da santimita 20, sai ka ƙara mata girma ta zama ninki 1.2 kafin ta yi daidai da yadda ka zana ta. Na uku, kada leya biyu su zauna a nisa ɗaya tak, domin waya ba za ta iya tantance wadda ke gaba ba, sai ka ga launukansu suna ƙyaftawa suna musanya wuri. Ko milimita kaɗan sun isa su raba gardamar idan kallon na kusa ne. A fosta mai girman A4, tazarar santimita 1 zuwa 3 tsakanin leyoyi ta fi yi mini kyau, fiye da haka sai zanen ya watse ya daina zama abu guda.

Dagin Arewa da ka ambata yana da tasa matsalar, kuma yana nuna iyakar wannan dabarar baki ɗaya. Kyan dagi yana cikin saƙarsa ne, igiya ɗaya tana bi ta saman 'yar uwarta a nan, ta bi ta ƙarƙashinta a gaba. Leya kuwa ko dai tana gaba gaba ɗayanta, ko tana baya gaba ɗayanta. Idan ka raba igiyoyin dagin leya biyu ka buɗe tazara tsakaninsu, saƙar ta warware, sai ya zama zobe a kan zobe. Saboda haka ko ka bar dagin a leya guda, ka nuna saman da ƙasan da 'yar inuwa a mahaɗa kamar yadda ake yi a takarda, ko ka gina shi a matsayin jiki na gaske inda igiyar ke ɗagawa tana sauka. Rabin hanya ba ya yin kyau a nan.

Wannan ya kawo mu hanyar jiki, wadda ita ce ta dace da tambari, da babban rubutu, da duk abin da kake so gefensa ya kasance tsaf komai kusantar mai kallo. Ka fitar da leyar a SVG, ka shigar da ita Blender, manhajar gina abubuwa masu jiki wadda kyauta ce, ta File, Import. Za ta zo a matsayin lanƙwasa, 'yar ƙarama ƙwarai, kwance a ƙasa, duk sassanta a tsayi ɗaya. Ka ƙara mata girma zuwa ma'aunin da kake so a mita, ka juya ta digiri 90 ta miƙe tsaye, ka ba ta kauri da Extrude, ka mayar da ita raga, ka tabbatar da girma da juyin ta Apply, sannan ka fitar a GLB, wanda shi ne glTF da aka dunƙule a fayil guda. Blender tana ɗaukar cikon launi bai ɗaya, amma launin da ke rikiɗa daga wani zuwa wani ba ya biyo ta, rubutun da ba a mayar zane ba shi ma haka. Abin lura a nan shi ne yawan alwatika. Blender tana raba kowace lanƙwasa gida 12 idan ba ka sauya ba, don haka harafi guda yana iya haifar da ɗaruruwan alwatika, zanen da aka samo ta Image Trace kuwa, wato mayar da hoto bekta, mai dubban ɗigogi, zai iya durƙusar da waya shi kaɗai. Ka bi zanen da Simplify tun a Illustrator, ka rage rabon lanƙwasar zuwa 4 ko 6 a Blender, da wuya ido ya ga bambanci. Sababbin sigogin Illustrator suna da sashen 3D and Materials da ke ba zane kauri ya fitar da shi a glTF ko OBJ ba tare da an je Blender ba, yana da sauri, amma ba ya ba ka iko sosai a kan yawan alwatikan.

A fostarka, da ni ne, zan mayar da babban rubutun da dagin jiki, in bar sama da ganuwa da ƙofa da mahayi a matsayin hotuna. Kuma zan sa wa hotunan nau'in fuskar da ba ta karɓar haske, wadda ake kira Unlit, domin in ba haka ba manhajar za ta haska su gwargwadon hasken ɗakin, ja ya koma ruwan ƙasa, fari ya yi toka-toka. Ka kuma yanke shawara kan bayan kowace leya, don idan fuska ɗaya ce za ta ɓace idan an zagaya bayanta, idan fuska biyu ce kuma rubutu zai fito a juye.

Tunda kana so zanen ya taso ne daga fostar da aka buga, ita kanta fostar sai ta cika sharaɗi. Waya tana gane hoto ne ta wuraren da haske da duhu suka yi karo da kusurwoyi masu yawa da ba su maimaita kansu, ba ta launi ba. Zanen bekta mai faffaɗan fili bai ɗaya, ko ado mai maimaituwa irin jerin bulo, yana ba ta wahala, sai ka ga leyoyin suna zamewa ko suna tsalle. ARCore, tsarin AR na Google, yana da ƙaramar manhaja mai suna arcoreimg da ke ba hoto maki daga 0 zuwa 100, kuma Google ta ba da shawarar kada a yi ƙasa da 75. Ka gwada fostar kafin ka kai ta ɗab'i, ka shigar da ainihin faɗinta a santimita, ka kuma buga a takardar da ba ta ƙyalli, domin ƙyalli yana rufe wa kyamara abin da take bi.

Game da zaɓin manhaja, ina so ka yi hattara da inda kake zuba wahalarka. Kamfanin Meta ya rufe manhajarsa ta AR, Meta Spark, a ranar 14 ga Janairu 2025, kuma ayyukan da masu zane masu zaman kansu suka ɗora a Instagram da Facebook suka daina aiki. Adobe ma ta dakatar da Aero a ƙarshen 2025, don haka darussan da ke koyar da ita, ko da dabarar da ke cikinsu tana nan daram, ba za ka iya bin su maɓalli bayan maɓalli ba. Wanda aikinsa ke cikin fayil ɗin manhajar kaɗai shi ne ya yi asara mafi girma. Ka ajiye fayil ɗin zanenka na asali da rubutunsa a buɗe, da kwafin SVG na kowace leya, da hotunan PNG, da GLB, da 'yar takarda da ka rubuta nisa da girman kowace leya a santimita. Da waɗannan za ka iya sake gina fagen a kowace manhaja cikin ɗan lokaci. Idan kuma ka jera leyoyin duka a Blender ka fitar da fagen a GLB guda, wayoyin Android za su iya buɗe shi ta Scene Viewer, na iPhone kuma su buɗe kwafinsa na USDZ, tsarin da Apple ta gabatar tare da Pixar a 2018, ta Quick Look, sai dai waɗannan a kan ƙasa ko tebur ko bango suke ajiye abu, bin hoton fosta yana buƙatar manhajar da aka gina don haka.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi a kwamfuta ko a waya mafi tsada da ke hannunka. Ka nemi matsakaiciyar wayar Android irin wadda masu kallon fostar za su riƙe, ka fara tabbatar da cewa tana cikin waɗanda ke gudanar da manhajar da ka zaɓa, domin ba kowace waya ce ke ɗaukar ARCore ba. Ka gwada a ɗaki da rana, ka gwada da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka tsaya gaba, ka matsa gefe, ka kusanto har rubutu ya cika allo, ka bar ta a kunne na 'yan mintuna. Idan ta yi zafi ko motsin ya fara sarƙewa, ka fara da datse wuraren fanko na manyan hotuna da rage girman leyoyin baya, sannan ka haɗe leya biyu da ke kusa da juna su zama ɗaya, kafin ka taɓa ingancin rubutu da mahayin.